Sojan Haya da Zafin Yaƙi: Abin da Saliyo ta Gani

A farkon 1995, 'yan tawayen RUF na Foday Sankoh, waɗanda suka tayar da yaƙi tun Maris 1991, sun kusa isa Freetown, kuma ma'adinan da ke ciyar da baitulmalin Saliyo sun faɗa hannunsu. Sai gwamnatin soja ta Kyaftin Valentine Strasser ta ɗauki hayar Executive Outcomes, kamfanin da Eeben Barlow ya kafa a Afirka ta Kudu a 1989.

Ma'aikatansa 'yan ɗaruruwa ne, amma suna da jiragen yaƙi masu saukar ungulu da horo mai kyau, sun kuma haɗa kai da mafarautan Kamajo da suka san daji. Cikin 'yan watanni suka kori RUF daga kewayen babban birnin, suka ƙwato filayen lu'ulu'u na Kono. Wannan nasara ce ta ba da damar zaɓen 1996 da Ahmad Tejan Kabbah ya lashe.

Sai dai zafin yaƙin bai gushe ba, wuri ya sauya. 'Yan tawayen da suka kasa ja da kamfanin a fagen fama sun huce a kan ƙauyawa, suna datse hannayen mutane don hana su jefa ƙuri'a. Ita kuwa rundunar gwamnati, ganin an fifita Kamajo a kanta, sai ta ƙullaci sabuwar gwamnatin.

Yarjejeniyar Abidjan ta 30 ga Nuwamba 1996 ta tanadi ficewar kamfanin, wanda kuɗin hayarsa ya riga ya yi wa gwamnati nauyi. Ya fice a Janairu 1997. Ranar 25 ga Mayu sojoji suka kifar da Kabbah, Johnny Paul Koroma ya gayyato RUF cikin mulki. Dakarun ECOMOG, ƙarƙashin jagorancin Najeriya, sun mayar da Kabbah a 1998, amma a Janairu 1999 'yan tawaye suka afka wa Freetown, dubban mutane suka mutu. Sai a 2002 yaƙin ya ƙare.

Kamfanin ya cika aikin da aka biya shi ya yi. Gyaran rundunar ƙasa da sasanta rikicin lu'ulu'u ba sa cikin kwangilar, kuma babu wanda ya yi su kafin kamfanin ya tattara kayansa. Tsaron da aka samu na aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.