Layin Dogon Kamaru

Tsawon layin dogon Kamaru ya kai kimanin kilomita 1,000, kuma kamfanin Camrail ne ke tafiyar da shi tun shekarar 1999. Jamusawa ne suka fara shimfiɗa shi a zamanin mulkin mallaka, Faransawa suka ɗora daga inda suka tsaya.

Babban layin, wanda ake kira Transcamerounais, ya kasu kashi biyu. Na farko ya tashi daga Duwala ya bi ta Edeya da Eseka zuwa Yawunde, tafiyar kusan kilomita 260. A Eseka ne jirgin fasinja ya kauce daga kan dogo ranar 21 ga Oktoban 2016, mutum 79 suka rasu. Na biyu ya tashi daga Yawunde ya bi ta Belabo zuwa Ngaundere, sama da kilomita 600, kuma an kammala shi a 1974. Jirgin fasinja na wannan hanya tafiyar dare yake yi: ya tashi da yamma, ya isa washegari. Akwai kuma ƙaramin layi a yammacin ƙasar da ya haɗa Mbanga da Kumba.

Ngaundere ce ƙarshen dogo. Kayan Garwa da Marwa da Chadi da suka shigo ta tashar jiragen ruwa ta Duwala, a nan ake sauke su a loda wa manyan motoci. Shi ya sa duk ranar da jirgi ya tsaya, 'yan kasuwar arewa ne ke fara ji a jikinsu.