Asalin Zanen Hoton Sarakuna a Ƙasar Hausa

Zanen hoton sarki cikin kayan sarautarsa sana'a ce da ta zama ruwan dare daga Damagaram har Zazzau. Ana ganin irin wannan hoto a zaurukan hakimai, da shagunan maɗinka, da bayan manyan motoci: sarki a zaune bisa karaga ko a kan doki, ya sha rawani, ya ja amawali, alkyabba ta sauko masa har ƙafa. Sana'ar ba ta daɗe ba, amma kayan da take nunawa sun girme ta da ɗaruruwan shekaru.

A zamanin da, Hausawa ba sa zana surar mutum. Malamai sun hana yin surar abu mai rai, saboda haka gwanintar hannu ta karkata wajen zayyanar allo, da ɗinkin riga, da adon fata, da zanen bango irin wanda har yau ake gani a gidajen unguwar Birni ta Damagaram. Wanda yake son sanin kamannin sarkin da bai taɓa gani ba, sai ya saurari maroƙa da makaɗan fada. Su ne masu siffanta shi da kirari, su faɗi dokinsa, da mashinsa, da kyautarsa. Talaka kuwa, ko ran salla da sarki ya yi hawa, idanunsa kaɗai yake hangowa, domin amawali ya rufe baki da haɓa. Da tufafi ake gane sarki, ba da fuska ba.

Tufafin nan kowanne da hanyar da ya biyo. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kawo kakaki da figini da takalmin gashin jimina cikin fada. Babbar riga ta saƙi ko ta tsamiya aikin gida ce, masaƙa su saƙa, maɗinka su yi mata aska biyu ko aska takwas a ƙirji. Baƙin rawani mai ƙyalli, wato ɗan Kura, a marinar Kura ta ƙasar Kano ake rina shi da shuni, a buge shi har ya riƙa walƙiya. Alkyabba da jar dara da alharini kuwa daga arewa fatake suke kawo su, daga Tarabulus su ratso Sahara su biyo ta Agadas.

Hanyar waɗannan fatake ta Damargu ta bi, ƙasar geron nan da ke tsakanin Azbin da Damagaram, inda Gangara da Tanut da Belbeji suke a yau. Ayarin Azbinawa yakan sauko da gishirin Bilma da dabino, ya koma da gero da turkuɗi, wanda Buzaye suke naɗawa su rufe fuska sai ido. A ƙarni na 19, musamman zamanin Sarkin Damagaram Tanimu wanda ya rasu a 1884, cinikin ya bunƙasa, fadar Damagaram ta wadatu da kayan gabas da na Kano gaba ɗaya.

Ta irin waɗannan hanyoyi ne kuma zanen sura ya fara shigowa, a hannun Turawa matafiya. A littafin tafiyar Denham da Kilafatan da aka buga a Ingila a 1826 akwai hoton Shehun Barno Muhammadu Al-Amin Elkanemi, da na barade cikin lifidi. A watan Janairun 1851 Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya rabu da ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa biyu a Tagelel cikin Damargu ya nufi Kano, yana tafe yana zana abin da ya gani. Daga baya wani mai zane a Jamus ya ƙawata zane-zanen aka sa a littafinsa. Sai dai duk waɗannan don masu karatu na Turai aka yi su. Mutanen ƙasar ba su gan su ba.

Kyamara ce ta sauya al'amarin. Rundunar Faransawa ta Foureau da Lamy ta ratsa Damargu ta isa Damagaram a ƙarshen 1899, kuma littafin da Foureau ya fitar a 1902 cike yake da hotuna. Ingilishi ma da suka ci Kano da Sakkwato a 1903 sun riƙa ɗaukar sarakuna hoto. Sarki goma zamani goma: sannu a hankali sarakuna suka saba da tsayawa gaban mai hoto da fadawansu, har irin su Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya je Ingila a 1921. Daga wannan lokaci tsarin hoton ya zauna: sarki a tsakiya, sanda a hannu, dogarai a gefe da jajayen riguna, laima a sama.

Mataki na gaba a makaranta aka yi shi. A 1958 wasu ɗalibai na sashen zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya da nufin haɗa dabarun zanen Turai da al'adun gida. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Yawancinsu ƴan kudu ne, amma zaman Zazzau ya sa hawan salla da hawan daba suka shiga idon ɗaliban sashen. Jimoh Akolo ya zana mahaya dawaki na arewa, daga baya kuma Gani Odutokun, wanda ya koyar a can har rasuwarsa a 1995, ya shahara da zanen sarki da tawagarsa. Hukuma ma ta taimaka: a 1975 aka fitar da kan sarki mai hoton Sarauniya Amina ta Zazzau, a 2000 kuma takardar naira 200 ta fito da Sardauna Ahmadu Bello cikin rawaninsa.

Hoton Amina yana nuna abin da sana'ar ta dogara a kai. Babu wanda ya zana ta tana raye, haka ma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya rasu a 1817. Mai zane kan ƙirƙiro fuskar ne, sa'annan ya bar tufafi da makamai su faɗi ko wane ne. A nan aka bambanta da ƙasar Mangoliya, inda masu zanen zamani su ma suke komawa ga kayan sarakunansu na da. Su suna da tsofaffin hotuna, kamar na Sarki Kublai da matarsa Chabi mai doguwar jar hula, waɗanda aka zana a ƙarshen ƙarni na 13, yanzu suna ajiye a Taipei. Bahaushe mai zane ba shi da irin wannan gado. Abin da yake da shi su ne kayan kansu, da har yanzu ake sawa a fada, da idon jama'ar da ta san su. A Damagaram wasan kara ya tabbatar da haka: samari kan kwaikwayi sarki da manyan gari da kayan da aka haɗa da karan gero, ƴan kallo kuma nan take su gane wanda ake nufi.

Saboda haka aikin yana da ƙa'idoji. Mai zane kan ɗaura farin yadi a katako, ya ɗauki fuska daga hoton kyamara, amma wahalar tana ga kaya. Dole ya fitar da ninkin farin harsa, da ƙyallin ɗan Kura, da nauyin alkyabba a kafaɗa, da adadin askar riga. Dole kuma ya san muƙami: a Kano rawani mai kunne biyu na sarki ne da ƴaƴan gidan sarauta, kuma naɗin malami daban yake da na hakimi, na Buzu daban da na Bahaushe. In ya ba mutum naɗin da ba nasa ba, kome kyan fentin, ba za a rataya hoton a zaure ba.

A yau wayar hannu da kwamfuta sun sauƙaƙa aikin. Ana gyara hoton naɗin sarauta a buga shi a ƙatuwar leda cikin yini guda, matasa kuma suna yaɗa zanensu ta Facebook da Instagram. Duk da haka ana ci gaba da neman zanen hannu don kyautar naɗi, da adon fada da ofisoshi, kuma ma'aunin da ake duba shi da shi bai sauya ba: a ga kamanni, a ga kuma kowane kaya ya dace da sarautar mai shi.