Damtse da Aljihu a Hanyar Gwanja

Samarin zangon Bimbilla da ke ɗaga ƙarfe da asuba, su ƙirga sidi da dare don su san ko sun isa a so su, ina ganin sun ɗora wa kansu kayan mutum biyu.

A ƙarni na 19, ayarin fatake kan taso daga Kano, ya shafe watanni a hanya, ya biyo ta Yendi ya sauka Salaga. Mai ƙirji da damtse a ayarin shi ne ɗan alaro, sau da yawa bawa ko talakan da ko jaki bai da shi. Wuyansa ke ɗaukar kanwa a zuwa, goro a komowa. Mai wuri kuwa madugu ne, yana bisa doki, wani har da tumbinsa. Ba sai na faɗi wanda iyayen yarinya ke shimfiɗa wa tabarma ba. Goron neman auren ma daga huhunsa ya fito.

Shi ma aljihun bai ɗore ba. Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, goro ya karkata Kintampo. Yaƙin basasar 1892 ya watse Salaga, attajiranta suka koma baƙi a Kete Krachi da Yendi.