Lod Haris da Wasan Kurket: Nazari Daga Bombay Zuwa Kontagora

Tsakure

Maƙalar ta duba rayuwar Lod Haris (1851–1932), ɗan wasan kurket kuma jami'in mulkin mallakar Ingila, domin gano dalilin da ya sa wasan ya kafu a Indiya amma bai yi saiwa a garuruwa irin su Kontagora ba.

Haris da gadonsa

An haifi Haris a tsibirin Tirinidad. Ya daɗe yana jagorantar ƙungiyar gundumar Kent, kuma shi ya ja ragamar Ingila a 1880, lokacin da ta karɓi baƙuncin Ostareliya a filin Oval na Landan, karawar ƙasa da ƙasa ta farko da aka yi a Ingila. Daga 1890 zuwa 1895 ya riƙe gwamnan Bombay, ya koma gida ya shugabanci kulob ɗin MCC, wanda a hannunsa dokokin wasan suke.

Marubutan Ingila sun sha kiransa uban kurket a Indiya. Masanin tarihi Ramachandra Guha ya musanta haka a littafinsa na 2002, kuma hujjarsa ta fi ƙarfi. Al'ummar Farsi ta Bombay ta kafa kulob ɗinta tun 1848, kafin a haifi Haris. Abin da ya wanzu da sunansa shi ne garkuwar da makarantun birnin ke fafatawa a kanta, gasar da ta fito da shahararren ɗan wasa Sachin Tendulkar a 1988. Wato 'yan ƙasa ne suka riƙe wasan, makaranta ta raine shi.

Kontagora da Arewa

Sojojin Ingila ƙarƙashin Lugga sun ci Kontagora a 1901, aka mayar da Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse kan karagarsa a 1903, garin ya zama hedikwatar lardi. Razdan da Di'o sun zauna, amma Bature ɗaya ko biyu a bariki ba sa haɗa ƙungiyar mutum 11. Kurket yana buƙatar fili gyararre, da kaya masu tsada, da yara masu yawa da za su yi shekaru suna koyo. Ilimin boko kuwa a Arewa an taƙaita shi ga 'yan kaɗan.

Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta koyar da wasan, kuma Sardauna Ahmadu Bello na cikin waɗanda suka buga shi. Sai dai abin lura, wasannin Turawa da suka zauna da gindinsu su ne waɗanda suka tarar da gurbi. Folo ya tarar da dawakin sarauta, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungume shi. Wasan buga ƙwallo a bango da tafin hannu ba ya neman komai sai bango, ga shi Sardauna ya so shi har ƙarshen rayuwarsa. Kurket bai samu sarki ko gasar makarantu da za ta ɗauke shi zuwa larduna ba, shi ya sa ƙwallon ƙafa ta mamaye filayen Kontagora.