Dirki: Yadda Magabata Suke Ba Abin Tsafi Asali

Duk wanda ya saba duba rubuce-rubucen da matasanmu suke kawowa taron ƙungiya, musamman masu rubuta labaran yaƙi da jarunta, zai lura da wani rauni da yake ta maimaituwa. Jarumi yana cikin tafiya sai ya tsinci takobin tsafi, ko kuma ya ci karo da mutum-mutumin ƙarfe mai gadin ƙofar birni, su gwabza, ya karya shi, ya wuce. Wa ya ƙera wannan abu? Me ya tilasta masa ƙera shi? Me aka biya? Marubucin bai tambayi kansa ba, balle ya gaya wa mai karatu. Shi kuwa mai karatu ba wawa ba ne, abin da ba shi da asali ba ya ba shi tsoro.

Turawa ma sun gamu da wannan matsala. A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, inda mutum ɗaya yake riƙe da akalar labari kamar mai ba da tatsuniya, sauran kuma kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana da bakinsa. Cikin dodannin da aka shigar a wasan tun shekarunsa na farko akwai golem, wato mutum-mutumin da aka gina aka busa masa motsi. Littafin wasan ya fi mayar da hankali ga ƙarfinsa da irin makamin da yake cinsa, don haka masu jan labari sukan zauna su ƙirƙira masa tarihi da kansu. Asalin golem kuwa daga tatsuniyoyin Yahudawa ne. Mafi shahara shi ne na birnin Firag, wanda aka ce malaminsu Judah Loew, da ya mutu a 1609, ya gina da laka don ya tsare jama'arsa, ya sa masa rubutaccen suna mai tsarki a baki. Sai a ƙarni na 19 aka rubuta labarin aka jingina wa malamin.

To, a daidai zamanin da wancan malami yake raye, Kanawa suna da nasu abin, kuma a ganina labarin namu ya fi nasu zurfi.

Tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, aka kuma sa fassararsa ta Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930, ya nuna cewa an yi Dirki ne a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, 1582 zuwa 1618. Lokaci ne na tashin hankali. Katsinawa suna kawo hari har kusa da ganuwa, Kwararrafa kuma sun taɓa cin ƙasar har mutanen birni suka watse. Cikin wannan tsoro aka ɗauki Alƙur'ani aka naɗe shi da fatar akuya don neman tsari. Daga baya aka koma fatar shanu. Ana yanka, ana ƙara naɗi, fata bisa fata, sarki bayan sarki, har abin ya zama wani ƙaton dunƙule da ake yi wa yanka, aka daina tuna abin da yake cikinsa.

Mai son koyon rubutu ya tsaya a nan ya duba da kyau. Ba boka ne ya sauko da Dirki daga sama ba, kuma ba aljani ne ya kawo shi ba. Musulmi ne suka yi shi, da kyakkyawar niyya, da abu mafi tsarki da suke da shi. Tsafin ya taru ne a hankali, kamar yadda ƙura take taruwa a kan akwati. Kuma abin yana da ci. Kowane sarki ya san cewa akwai shanun da zai fitar, akwai kuma manyan fada da suke tsaye a kan wannan yanka, waɗanda ba za su so a taɓa shi ba. Wato ke nan kafin a zo ga ranar fasa shi, mai sauraro ya riga ya san wanda ya yi shi, da dalilin yinsa, da kuɗinsa, da masu cin moriyarsa.

Ranar ta zo a zamanin Muhammadu Alwali, wanda ya hau gadon sarauta a 1781. An ce tun hawansa ya tara gero da dawa don gudun yaƙi da fari, amma duk da haka yunwa ta same shi. Sai ga manyan gari sun zo neman shanu 40 na Dirki. Ya ce ba zai iya ba. Suka tsoratar da shi da abin da yake samun sarkin da ya hana. Ransa ya ɓaci, ya tura samari da gatura suka yi ta saran fatun har suka kai ciki, sai ga Alƙur'ani kyakkyawa. A nan ne mutane suka yi masa baki, cewa yadda ya fitar da Littafin daga mazauninsa haka shi ma za a fitar da shi daga ƙasarsa.

Yanzu wa yake da gaskiya? Sarkin da ya fasa abin da ya zama gunki, wanda ko masu jihadi ba za su zarge shi a kan haka ba, ko kuwa mutanen da suka ga an sari Alƙur'ani da gatari? Marubucin tarihin, wanda masana suke ganin ya tattara shi a ƙarshen ƙarni na 19 a fadar sarakunan Fulani, bai yanke hukunci ba. Ya bar mu da abin a hannu. Wannan kawaici shi ne abin da marubutanmu na yau suka fi rasawa, domin su da sun riga sun sa wani malami ya fito ya yi wa'azin shafi uku.

Ba Kano kaɗai ba. Wuƙar da Bayajida ya kashe macijin Kusugu da ita, labari bai manta ya faɗi cewa maƙeran Gaya ne suka ƙera masa ba. Gajere, takobin sarautar Katsina, ba a ambatonsa sai an ambaci Korau da Sanau, da matar da ta tona asirin mijinta kafin kokawa. Kowane abu da maƙerinsa, kowane asiri da lagonsa.

Mu a nan ƙasar Gumel muna da wata dama da ba mu taɓa ba. Masarautarmu ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, da Barno ta tsaya, kuma ta shafe shekaru masu yawa a ƙarni na 19 tana fama da Haɗeja da Damagaram kafin zuwan Turawa a 1903. Al'ummar da ta rayu cikin irin wannan ba ta rasa tsohon mashi ko guru ko laya da aka gada, kowanne da labarin wanda ya ɗaura shi da ranar da ya ci amanarsa. Tsofaffin da suka ji daga kakanninsu a Ɗanzomo da Gagarawa da Sule Tankarkar suna ta ƙarewa. Ko mai tallar magani a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san ba ya sayar da ƙullinsa sai ya faɗi dajin da aka haƙo saiwar da wanda ya ba kakansa sirrin, alhali marubuci mai littafi kashi huɗu yana raba zobban sihiri kamar goron biki.

Shi kuwa Alwali, masu jihadi sun karya rundunarsa a Ɗanyaya, ya bar Kano ya nufi Zariya. Daga baya ya dawo ya kafa sansani a Burumburum, a can aka cim masa aka kashe shi wajen 1807.