2.3 Tarihin Kula da Lafiyar Haƙori a Hannun Gwamnati: Misalin Birtaniya

Wannan sashe zai waiwayi yadda gwamnatin Birtaniya ta shiga harkar kula da haƙoran jama'arta, da yadda ganin likitan haƙori ya zo ya yi wa talaka wuya bayan an yi masa alkawarin samun sa kyauta.

Kafin ƙarni na ashirin, cire haƙori a Ingila sana'a ce ta duk wanda ya ga zai iya. Masu aski ma sun daɗe suna yin ta, kusan kamar yadda wanzamai ke yi a ƙasar Hausa. An fara rajistar likitocin haƙori da dokar 1878, amma sai a 1921 aka hana wanda ba ya cikin rajista taɓa bakin mutane. Abin da ya farkar da hukuma kuwa shi ne yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902, inda aka yi ta mayar da samari masu neman aikin soja saboda rashin lafiya, har da ruɓewar haƙora. Daga nan hankali ya koma kan yara, aka buɗe wurin duba haƙoran 'yan makaranta a garin Kambirij a 1907. Manya dai an bar su da aljihunsu. Wanda ba shi da hali sai ya daure har ciwo ya ci ƙarfinsa, sannan ya je a cire.

Babban sauyi ya zo ne ranar 5 ga Yuli, 1948, lokacin da Ministan Lafiya Aneurin Bevan ya ƙaddamar da Hukumar Kiwon Lafiya ta Ƙasa, wato NHS. Duba haƙori da ciko da cirewa da sa haƙoran roba duk suka zama kyauta. Sai dai akwai wani abu da ya kamata a lura da shi tun daga nan, domin shi ne tushen abin da ya biyo baya: likitocin ba su zama ma'aikatan gwamnati ba. Kowa ya ci gaba da riƙe wurin aikinsa, gwamnati na biyan sa gwargwadon aikin da ya yi. Wato ƙofar fita a buɗe take ga duk likitan da ya ga ciniki bai yi masa ba.

Jama'a suka yi dafifi, musamman masu neman haƙoran roba, har kuɗin ya zarce abin da aka ƙiyasta. A 1949 aka rage ladan likitoci. A 1951 Ministan Kuɗi Hugh Gaitskell, wanda ke neman kuɗin makamai saboda yaƙin Koriya, ya ɗora wa majiyyaci kusan rabin kuɗin haƙoran roba, haka ma tabarau. Bevan, wanda a lokacin yake Ministan Ƙwadago, ya ajiye muƙaminsa a watan Afrilu, Harold Wilson ya bi shi. A 1952 sabuwar gwamnati ta ƙara da harajin fam ɗaya a kan aikin haƙori. A ganin mai wannan bincike, a nan ne aka raba baki da sauran jiki, domin ganin likitan unguwa ya ci gaba da zama kyauta, na haƙori kuwa bai cika shekara huɗu a haka ba.

Duk da haka ba za a ce shirin bai yi amfani ba. Binciken da aka gudanar a Ingila da Wales a 1968 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na manya ba su da haƙorinsu na asali ko ɗaya. Zuwa 2009 adadin ya sauko zuwa kashi 6 a Ingila. Amma a yi adalci, yaɗuwar man goge baki mai sinadarin fuloraid daga shekarun 1970 ta taimaka ƙwarai.

Matsalar samun likita ta tsananta ne bayan sabuwar yarjejeniyar 1990. Marasa lafiya da suka yi rajista sun fi yadda aka zata, sai gwamnati ta zaftare kashi 7 na ladan likitoci a 1992, da yawansu suka karkata ga masu biya da kansu. Yarjejeniyar 2006 ta ƙara dagula lamarin, saboda ta koma biyan likita da maki: wanda ya cike haƙori ɗaya da wanda ya cike biyar a baki guda duk maki uku suke samu. Ke nan mutumin da bakinsa ya fi lalacewa, wanda galibi shi ne talaka, ya zama asara ga likita. A 2022 aka ɗan gyara wannan lissafi, amma a watan Agusta na shekarar binciken BBC ya gano cewa tara cikin goma na wuraren aikin haƙori masu hulɗa da NHS ba sa karɓar sababbin majiyyata manya, har aka samu waɗanda suka cire wa kansu haƙori a gida.