Daga Lofe Zuwa Sigarin Lantarki: Yadda Taba Ta Matso Kusa Da Yaranmu

Taba ba shukar ƙasarmu ba ce. Asalinta nahiyar Amurka, kuma ta iso Afirka ta Yamma wajajen shekarar 1600. A wurin kakanninmu abin manya ce: tsoho ya cusa ta a lofe, wani ya sa garinta a baki, mata kuma su goge haƙora da furenta bayan sun ci goro. Yaro bai isa ya taɓa ta a gaban mutane ba.

Zuwan sigari ne ya sauya lamarin. Kamfanin BAT ya buɗe masana'anta a Ibadan a 1937, aka ƙara wata a Fatakwal a 1956, sannan ta Zariya a 1959. Taba ta koma kara-kara mai araha, ana samunta a teburin kowane lungu. Ɗalibin da ba zai iya sayen kwali ba, kuɗin tararsa ya ishe shi kara ɗaya.

Gwamnati ta makara kafin ta motsa. Sai a 1990 mulkin soja ya hana shan taba a wasu wuraren taruwar jama'a, ciki har da makarantu. A 2015 aka kafa dokar da ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da kara ɗai-ɗai.

Kafin nan taba ta sake riga. A 2003 wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙirƙiro sigarin lantarki. Yau ana yin sa da ƙamshin mangwaro ko na'a-na'a, wani da siffar biro. Nikotin ɗin da ke kama mai shan sigari yana cikin mafi yawansu, kuma ƙwaƙwalwar matashi ta fi saurin sabawa da shi. A da, warin riga kan tona asirin yaro. Yanzu uwa sai ta zaci alawa ya sha.

'Yan'uwa, a Sabon Ibadan, Agege da sauran zangonninmu, da yawa daga masu tebur da kes-kes mutanenmu ne. Idan yaro mai kayan makaranta ya miƙo kuɗin kara ɗaya, ko da ya ce aiko shi aka yi, a mayar masa da kuɗinsa. Iyaye kuma mu san kamannin wannan sabon abu, domin wanda bai san shi ba zai gan shi a jakar ɗansa ya wuce.